Inuwar Dogon Yaro da Fentin Mota



Sharhinmu na yau a kan kashin tsuntsu ne da na jemage, da ɓarnar da suke yi wa fentin mota. Na san wani zai murmusa ya ce duk matsalolin da suka dami ƙasa, ga tsadar mai ga tsadar abinci, aka rasa abin tattaunawa sai kashin tsuntsu. To a yi haƙuri a ba ni aron kunne. Duk wanda ya kai motarsa wurin mai fenti a 'yan shekarun nan aka yanka masa kuɗin feshin bonet kaɗai, ya san maganar ta wuce wasa. Mota a yau dukiya ce da mutum ke lallaɓawa, domin in ta lalace sayen wata sai wanda Allah ya nufa. Ɗan hakin da ka raina kuwa, shi ke tsone maka ido.

Bari mu fara da halin da muke ciki a nan Birnin Kebbi. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan haura maki 40 a ma'aunin Salshiyos. Wanda ya bar motarsa a rana daga hantsi zuwa azahar, in ya dawo sitiyari ba ya taɓuwa, kujera ba ta zaunuwa. Shi ya sa ko'ina ka duba, a sakatariyar Gwadangaji, a bakin asibiti, a ƙofar masallacin Juma'a, a unguwannin Gesse da Badariya da Rafin Atiku, kowane direba inuwa yake farauta. Inuwar garin nan kuwa mafi yawanta ta dogon yaro ce, itacen da asalinsa na ƙasar Indiya ne, aka shigo da shi Najeriya ta Borno a 1928, ya bazu har ya zama kamar da shi aka halicci garuruwanmu. Sai mangwaro a gidaje da lambuna, sai durumi da ceɗiya a tsofaffin shiyoyi. Haka abin yake a Argungu, mai nisan kimanin kilomita 50 daga nan. A lokacin bikin kamun kifi, wanda ya samo asali tun 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, baƙi kan cika ko'ina da motoci, kowa na rububin gindin itace kafin ya gangara kogin Matan Fada inda ake kamun.

Sai dai inuwar nan tana da masu ita, kuma sun riga mu zuwa. Mu mutanen fadama ne. Gulbin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Argungu ya biyo ta bayan Birnin Kebbi ya shimfiɗa mana ƙasar shinkafa da kifi, kuma inda duk aka sami ruwa da hatsi, tsuntsu ba ya rabuwa da wurin. Manoman shinkafa sun san jan baki, wanda kan sauko garke guda ya share gona, har gwamnati ta ɗauko jirgin feshi a kansa. Balbela kan wuni tana bin shanu, da magariba ta dawo cikin gari ta yi wa itace guda farin lulluɓi. Shamuwa kan iso gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa a manyan itatuwa. Ga hankaka da shirwa a kusa da mahauta da kasuwa, ga kurciya, ga tattabarun gida da ba su da wurin hutawa sai wayar lantarki da bakin kwano. Kowannensu da abincinsa, kowanne da irin abin da yake bari. Na balbela da shamuwa, masu cin ƙwari da kwaɗi, fari ne mai yawa, yakan zubo kamar an watsa farar ƙasa. Na masu cin hatsi kuwa yakan zo da ɓurɓushin yashi da tsakuwa, domin tsuntsu ba shi da haƙori, tsakuwa yake haɗiya ta niƙa masa abinci a cikin ƙundu. A riƙe maganar tsakuwar nan, za mu dawo kanta.

Sai jemage. Iri biyu muka fi cuɗanya da su. Akwai ƙananan da ke ɓuya cikin silin da rufin makarantu suna cin sauro da ƙwari, kashinsu baƙi ne ƙanana, yana murmushewa in ya bushe. Akwai kuma manya masu ruwan ɗorawa a wuya, masu rataya a itatuwa da rana su fita kiwo da dare. Waɗannan su ne abokan rigimar masu mota. 'Ya'yan itace suke ci, mangwaro da ɓaure da 'ya'yan dogon yaro da kaɗanya, kuma sukan ƙaru a ƙasashenmu na arewa idan damina ta kawo jiki, domin abinci suke bi. Mun taso muna jin ana cewa ta baki jemage yake kashi. Abin da ya jawo zancen shi ne yadda yake cin abinci: yakan tauna ɗan itace, ya matse ruwan ya haɗiye, ya tofar da tuƙar. Wanda ya haɗiye kuma ba ya daɗewa a cikinsa, yakan fita da ruwa-ruwa, sau da yawa ma yana cikin tashi. Shi ya sa mai motar da ya kwana a gindin mangwaro zai tashi da safe ya tarar da abu biyu, tuƙa mai danƙo da kuma feshin kashi mai launin ƙasa ko kore, daga bonet har but, wani lokaci har jikin ƙofa.

To me ya sa ɗan wannan abu yake cin fenti? Sai mun san yadda fentin yake tukuna. Fentin motar zamani hawa-hawa ne. A jikin ƙarfe akwai shafin da ke hana tsatsa, a kansa akwai firaima, sai launin da ido ke gani, sannan a can sama wani shafi garai-garai marar launi da masu fenti ke kira kiliya. Kiliyar nan ita ce ke ba mota ƙyalli, ita ce kuma ke tare rana da ruwa. Duk hawan nan in aka haɗa su, kaurinsu bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, maikiron kuwa kashi 1 ne cikin 1,000 na milimita. Ita kiliyar kaɗai tsakanin 35 ne zuwa 50, wato ba ta kai kaurin takardar littafin makaranta ba. Dattawan da suka riƙe Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, za su tuna cewa fentin da in ya dushe, goge shi ake yi da folish, launi ya fito a jikin tsumma, mota ta dawo sabuwa. Motocin yanzu, 'yan Kwatano da sababbi, ba haka suke ba. In kiliya ta tafi, ta tafi ke nan.

Tsuntsu ba ya fitsari irin na dabbobi. Farin da kake gani a kashinsa shi ne fitsarin, wani sinadari ne mai suna yurik asid, mai tsami, wanda ba ya saurin narkewa a ruwa, shi ya sa yake kamewa kamar siminti. Na jemage kuma yana ɗauke da tsamin 'ya'yan itace da zaƙinsu da launinsu. Amma tsami shi kaɗai ba ya gama aikin, sai ya sami zafi. Wani kamfanin kayan gyaran fenti na Ingila mai suna Autoglym ya bayyana sakamakon gwajinsa a 2011, inda ya nuna cewa idan rana ta gasa mota, kiliya kan yi laushi ta buɗe, shi kuwa kashin ya bushe ya taurare a kanta. Da dare in gari ya yi sanyi sai kiliyar ta tsuke, ta ɗauki siffar abin da ke manne da ita. Kamar dai sawun saniya ne a lakar fadama: tana taka shi da danshi, in rana ta busar da wurin sai sawu ya zauna daram. Kamfanin Ford ma ya sanar a 2020 cewa yana da kashin tsuntsu na roba da yake haɗawa a ɗakin gwaji, ya fesa a kan fallayen ƙarfe masu fenti, ya gasa su a zafin maki 40 da 50 da 60 don ya ga juriyarsu. To jama'a, mu a nan ba mu buƙatar tanda. Bonet ɗin baƙar mota a ranar Afrilu yakan wuce maki 60 ɗin nan da suke gwaji da shi. Abin da zai ɗauki kwanaki a ƙasar sanyi, a nan wuni guda ya ishe shi. Wanda kuma yake shakkar ƙarfin kashin tsuntsu, ya tambayi majeman birnin Fas na Maroko, waɗanda tun ɗaruruwan shekaru da kashin tattabara suke tausasa fata.

Duk da haka, in za a faɗi gaskiya, rabin ɓarnar hannunmu ne ke yin ta. Ku dubi abin da ke faruwa kullum a ƙofar gidajenmu. Alhaji ya fito zai tafi ofis, ya ga fari ɓaro-ɓaro a kan bonet. Sai ya ƙwala wa yaro kira: "Kai, zo ka goge mini wanga abu." Yaro ya ɗauko tsumman da aka share taya da shi jiya, busasshe, cike da ƙura, ya hau dirza. Abu ya ƙi fita. Ya ce, "Baba, ya kama, sai an kankare." Ya sa farce, ko murfin kwalba, ko soson wanke tukunya. Kashin ya fita, kowa ya yi murna. Sai la'asar, rana ta karkata ta haska bonet, a ga wata da'ira ta dushe, kewaye da zane-zane sirara kamar an yi da allura. Tsakuwar nan ta ƙundun tsuntsu ce, da 'ya'yan ɓauren jemage, da ƙurar da ke kan motar, aka haɗa aka gurza a kan kiliya. In lokacin hunturu ne abin ya fi muni, domin ƙurar da iska ke kwasowa daga hamadar Chadi gari ne na yashi, kuma yashi ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Wasu kuma sai su ce a kawo fetur, ko kananzir, ko tina. Tina dai an yi ta ne don narkar da fenti. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Masu saurare, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda za a kare fentin mota daga kashin tsuntsu da na jemage. Yanzu ga yadda ake yi.

Maganin farko shi ne hanzari. Da ka gani, ka cire, kada ka ce sai ranar wanki. Kayan aikin kuma ba su fi ƙarfin kowa ba: ruwan leda ɗaya da tsumma mai laushi mai tsabta, wanda aka keɓe don wannan aiki kaɗai, a ajiye shi cikin leda a aljihun mota. In an sami ɗan tawul ɗin nan na maikirofaiba da ake sayarwa a shagunan kayan mota, ya fi. In kashin ɗanye ne, ka kwarara masa ruwa ya gangara da kansa. In ya bushe, ka matsar da motar inuwa ƙarfen ya huce, ka jiƙa tsumman sharkaf, ka shimfiɗa a kansa, ka bar shi minti 5 zuwa 10. Ka je ka yi alwala ka dawo. Za ka tarar ya jiƙu ya saki. Sai ka tattaro shi da tsumman a hankali ka ɗaga sama, kada ka murza, kada ka zagaya da hannu. In da saura, ka juya gefen tsumma mai tsabta ka sake jiƙawa. Daga nan ka ɗauraye wurin da ruwa mai yawa. Na jemage ya fi naci saboda danƙonsa, yakan so ruwa mai ɗan ɗumi da ɗigon sabulun wankin mota, kuma yakan so a maimaita. Ka duba har bakin gilashi da robar ƙofa da ramin da ke ƙasan waifa, domin nan yake maƙalewa.

Maganar sabulu kuma, masu wankin motarmu sun saba da garin sabulun wanki, domin yana da araha yana kuma kumfa. Amma an yi shi ne don cire maiƙo daga tufafi, saboda haka yakan wanke duk wani kakin kariya da ke jikin fenti, ya bar shi tsirara, ya kuma busar da robobi. Sabulun ruwa na mota ya fi, kuma murfi ɗaya ko biyu ya ishi bokiti. A fara da watsa ruwa a sauke ƙura kafin soso ya taɓa jiki, a fara daga rufi a gangaro, a ware wa taya nata tsumman.

A kula da lafiya kuma. Busasshen kashin tsuntsu da na jemage yakan ɗauki ƙwayoyin cuta da ke shiga huhu in an shaƙi ƙurarsa, musamman inda ya taru da yawa. Ba mu manta da murar tsuntsaye da ta ɓulla a Najeriya a 2006 ba. Don haka kada a kankare shi a bushe, kada a hure shi da baki, a wanke hannu da sabulu bayan an gama. Jemagen da aka tarar a ƙasa kuwa, matacce ko mai rai, kada a bar yara su ɗauka da hannu.

To idan aikin gama ya gama fa, an cire kashi amma tabo ya zauna? A nan sai an duba da kyau, domin tabon iri biyu ne. Ka wanke wurin ka busar, ka duba shi a karkace cikin haske, ka bi da bayan farcenka a hankali. In dushewa ce kawai, inuwar kashin ta fito amma wurin sumul yake, to saman kiliya ya taɓa, kuma yana gyaruwa. Wani lokaci ma, in tabon bai yi zurfi ba, yakan ragu da kansa bayan motar ta sha rana ta kwana biyu. In bai tafi ba, sai folish: a ɗiga kaɗan a tsumma mai laushi, a goga a ɗan wurin kaɗai, a share a duba. In ya ƙi, sai a kai wa gwani ya sa kwamfawun mai ɗan kaushi da injin gogewa, ko ya bi da samfefar ruwa mai lamba 2000 ko 3000 kafin ya dawo da ƙyallin. Wannan ba aikin koyo ba ne a kan motar mutane. Kowace gogewa rage kiliya take yi, kuma mun ji yadda kaurinta yake. Mai injin da ya tsaya wuri ɗaya, ko ya matsa a kan kusurwa, nan take zai ƙone fenti ya fito da firaima.

Iri na biyu shi ne wanda wurin ya yamutse ko ya tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe, farce yana maƙalewa a ciki. In ka kai wa mai fenti na gaskiya, kallo ɗaya zai yi masa ya ce, "Ranka ya daɗe, wanga ya ci kiliya, sai feshi." Gaskiya ya faɗa, folish ba ya cike rami. Kuma bari ba shi da amfani, domin ta nan ruwa da rana za su shiga, kiliya ta fara ɓarewa tana faɗaɗa, har a wayi gari rufin mota ya yi fari fat kamar mai ƙyasfi.

In za a yi feshi, ga abin da mai mota ya kamata ya sani. Kowace mota tana da lambar launinta, a rubuce a wata 'yar takarda ko ƙarfe a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a ƙarƙashin bonet. A motocin Toyota misali, 040 fari ne, 202 baƙi. A ba mai haɗa fenti wannan lamba, sannan a gwada a ɗan ƙarfe a kara da jikin motar a rana, domin motar da ta shekara goma tana shan ranar Kebbi launinta ya riga ya sauka daga yadda ya fito daga kamfani. A fesa fallen gaba ɗaya, bonet ko rufi, domin facin tsakiya ba ya ɓoyuwa. A tambayi irin kiliyar da za a sa da hadinarta, wato sinadarin da ke sa ta ƙeƙashe, domin a nan ake rage kuɗi, kuma araha ba ta ado: kiliya marar kyau shekara guda take yi ta koma ruwan ɗorawa ta fara ɓarewa. A nemi mai ɗakin feshi rufaffe, in babu, a guji ranar iska da ƙura, a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara. Bayan an gama kuma a ba sabon fenti aƙalla wata guda kafin a shafa masa kaki, kuma a wannan watan ne ya fi tsoron tsuntsu, domin bai gama ƙeƙashewa ba. Ina kuma kira ga iyayen gidan gareji da su dubi yaransu. Hadinar da ake zuba wa fentin zamani tana da guba mai lalata huhu, ƙyallen da yaro ke ɗaurawa a hanci ba ya tare ta. Takunkumin feshi na ainihi bai kai kuɗin jinya ba.

Sai rigakafi. Mafi sauƙi shi ne kakin mota, wanda ake shafawa bayan wanki a bari ya sha iska a goge. Mai kyansa daga ganyen wani itace na ƙasar Barazil ake samo shi. Aikinsa ya shiga tsakanin kashi da kiliya, ya ba ka ratar lokaci, ya kuma sa abu ya saki da wuri. A zafinmu ba ya daɗewa, saboda haka a sabunta shi duk wata biyu ko uku. Alamar ƙarewarsa ita ce in ka watsa ruwa ya shimfiɗu maimakon ya dunƙule ya gangara. Akwai shafin siramik da ake yi a manyan birane, mai kai shekara ko fiye, akwai kuma leda garai-garai da ake mannawa a bonet da rufi. Duka suna taimakawa, amma kada mai talla ya ruɗe ka, babu wanda zai ɗauke maka cire kashi da wuri. Rigar mota ma tana da amfani ga mai kwana a waje, da sharaɗin a sa ta a kan mota mai tsabta a kuma ɗaure ta tamau. In aka lulluɓa ta a kan ƙura, iska na kaɗa ta tana gurzar fenti har gari ya waye.

Wanda ya fi duka kuwa kyauta ne: kafin ka ajiye mota, dubi ƙasa. In ka ga gindin itace ya yi fari, ko tuƙar mangwaro da 'ya'yan dogon yaro a warwatse, to masu wurin suna nan, matsa gaba. Ba kowane itace suke kwana a kai ba, suna da nasu da suka saba. Ka guji ƙarƙashin wayar lantarki da fitilar titi da bakin rufin da tattabaru ke jeruwa. Ka kuma lura da lokaci. Da rana tsaka ake buƙatar inuwa, ɓarna mafi yawa kuwa daga magariba zuwa asuba ake yin ta, lokacin da tsuntsaye suka dawo makwanci, jemagu suka fito kiwo. To da dare me mota za ta yi da inuwa? In rana ta faɗi, a fitar da ita fili. Mai hali ya kafa rumfar kwano, marar hali ya yi ta zana ko ta tampol.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna. Sau da yawa in mutum ya fusata, gatari yake nema. Itacen da ya shekara talatin yana ba unguwa inuwa, a kayar da shi rana ɗaya saboda bonet. Wani kuma ya sa yara da danƙo, ko ya banka hayaƙin taya, ko ya nemi guba. Jama'a, mu yi lissafi. Kebbi na cikin jihohi 11 na bakin hamada da ake aikin Babbar Ganuwar Itatuwa a cikinsu, ana kashe kuɗi ana dasa abin da mu muke sarewa. Motar da aka raba da inuwa kuma ba ta tsira ba, domin rana kanta tana cin kiliya, tana fasa dashbod, tana busar da taya. Jemagen nan da muke tsana, masu bincike a ƙasar Gana sun ɗaura wa irinsa na'ura suka gano yana iya kai irin itace nisan kilomita 75 daga inda ya ci. Wato yana dasa daji da dare ba a biyansa ko kwabo. Ƙananan kuma sauro da ƙwarin gona suke rage mana, balbela tana cin fara. Kashin da muke ƙyama kuwa taki ne na ƙwarai, manoman albasa da na lambu sun san darajar na kaji da na tattabara, har ma a ƙarni na 19 ƙasar Peru da kashin tsuntsayen teku ta riƙa samun mafi yawan kuɗin shigarta. In reshe ne ya yi yawa a kan inda kake ajiye mota, a rage reshen, a bar itacen.

Ina da kira guda uku kafin in sallame ku. Ga hukumomi da masu manyan ma'aikatu, asibitoci da makarantu da tashoshin mota: a riƙa kafa rumfunan ajiye motoci, in an ɗora musu farantan sola ma an sami wuta a kan inuwa. Ga shugabannin masu wankin mota da masu fenti na Birnin Kebbi da Argungu: ku koya wa yaranku jiƙawa kafin gogewa, ku raba tsumman taya da na jiki, domin wanda ya iya wannan ba zai rasa masu kawo masa aiki ba. Ga direbobi kuma, na gida da na haya, har da masu Keke Napep: ruwan leda ɗaya da tsumma mai tsabta su zama cikin kayan mota kamar jak da safaya. Minti 10 na safiya sun fi mako guda a gareji sauƙi.

A nan za mu dasa aya. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya kai matafiya gida lafiya, ya ba mu damina mai albarka.